Gurbin da Bashiru Ya Bari a Tabarma

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Bashiru, a irin wannan lokaci da ruwan farko ke sauka a Tamale, ƙasa ta ɗauki ƙamshi, awaki su rasa inda za su fake. Da yawa cikin masu karanta wannan shafi ba su san fuskarsa ba, amma yatsunsu sun san aikinsa. In a wayarka akwai allon rubutun nan mai manyan haruffa da ake kira Tabarma, irin abin da samari ke ce wa kibod, to shi ya ƙera shi, a ɗakin da ke jikin zauren gidanmu na unguwar Zogbeli. Ban taɓa rubuta komai a kansa a jarida ba. Bana ma da na yi shiruna, ba don abokin aikinsa Fuseini ya zo mini da wata buƙata da ta hana ni sakat ba. Izinina yake nema ya cike wani gurbi da Bashiru ya bari a manhajar da gangan, wato gurbin kalmomin ta'aziyya.

Ni man kaɗe nake sayarwa, kuma duk wanda ya san sana'ar ya san hannunmu ba ya rabuwa da maiƙo. Da wannan hannu aka gwada Tabarma tun tana jaririya. Bashiru zai faɗo shagona da tsakar rana, ya jingina babur ɗinsa inda zai tare wa masu ciniki hanya, ya miƙo mini waya ya ce, "Yaya, ara mini yatsanki." In na nufi harafi ɗaya yatsan ya zame ya danna maƙwabcinsa, sai ya yi dariya ya koma gida ya ƙara wa haruffan faɗi. In rana ta haske gilashin na kasa gani, ya koma ya ƙara musu duhu. Yakan ce duk allon da ya tsira daga hannuna, to mahauta da masu suyar ƙosai ba za su ba shi tsoro ba. Ni kuwa ina ce masa ya nemi aikin gwamnati ya daina wasa da waya kamar yaro. Bai nema ba, ni ma ban daina faɗa ba.

Abin da ya dame shi tun farko, mu mutanen garin nan ba ma gama magana da harshen da muka fara ta. Mu ɗauko da Hausa, mu ratsa ta Dagbanci, harshen Dagomba, mu sauke da Turanci, kuma babu wanda ke jin ya yi wani abin mamaki. Allunan da ke zuwa cikin wayoyi kuwa sai ka zaɓi harshe ɗaya ka tsaya a kansa, in ka kauce su gyara maka magana zuwa abin da ba ka faɗa ba. Shi ya sa ya shimfiɗa nasa yadda haruffan Hausa masu lanƙwasa da na Dagbanci za su zauna wuri guda da na Turanci, ba sai an tashi wani an zaunar da wani ba. Daga nan sunan ya fito. Ya kuma yi ta ƙarama, mara nauyi, don ta shiga tsofaffin wayoyin da ke hannun yawancinmu, ta yi aiki ko babu data.

Har ƙarar da haruffan ke yi in an taɓa su, daga tsakar gidanmu ya ɗauko ta. Wata rana Mma, mahaifiyarmu, tana tsintar wake tana jefawa a ƙwarya, ya tsuguna kusa da ita ya naɗi sautin. Ta kore shi da mafici, ta ce ya je ya nemi matar aure. Yau in na shiga keken haya da muke kira yalo-yalo, na ji wata baƙuwa a gefena tana rubutu, sai in ji waken Mma yana faɗawa ƙwarya ɗaya bayan ɗaya. Nakan lumshe ido. Titin ya ɓace, in ga inuwar darbejiyarmu, in ga zanen Mma mai ruwan ƙasa, in ga ƙafafun Bashiru da bai taɓa shafa wa mai ba duk da yayarsa ce ke sayar da shi. Sau da yawa sai direba ya taɓa ƙarfen keken ya ce mini an iso.

Amma abin da ya sa mutane suka kama Tabarma hannu biyu shi ne siririn layin da ke saman haruffa, inda take kawo maka kalmar da take zaton za ka rubuta gaba. Bashiru bai kwaso kalmomin nan daga littafi ba. Yawo ya yi. Ya zauna a tashar Gurugu wajen masu lodin doya, ya zauna a shagunan Kanvili, ya ci tuwon suna da na biki a gidajen da ba a gayyace shi ba, yana sauraron yadda muke jera gaisuwa. Shi ya sa in ka rubuta "ina kwana" take miƙo maka "ina gajiya", in ka rubuta "dasiba", gaisuwar safe ta Dagomba, ta san amsarta. Barka da haihuwa, barka da sallah, sannu da hanya, Allah ya sa albarka a kasuwa, duk tana da su a baki. Kuma tana koyon naka salon, har ta riƙa tuna sunan da kake kiran matarka da shi.

Gidajen makoki ma ya je, ya zauna a kan tabarmi da dattawa, ya ji komai. Amma bai saka ko kalma ɗaya daga can ba. Ya ma ɗaure manhajar yadda ko sau nawa ka rubuta addu'ar mamaci ba za ta koya ba. Da zarar ka fara, layin saman nan sai ya zama fayau, ya bar ka kai kaɗai da haruffa. Fuseini ya yi ta fama da shi a kan wannan a ƙarƙashin darbejiya, ina daga gefe ina auna mai ina jin su. Fuseini ya ce mutane za su ɗauka manhajar ce ta lalace. Bashiru ya ce su ɗauka. Ya ce, "Gaisuwar safe zan iya riƙe wa mutum. Amma wanda aka yi wa mutuwa, in ba za ka iya taka ƙafa ka je ba, ai ka taka da yatsa." Na ce masa taurin kai ne kawai irin na gidanmu. Ya ce ai ni ya gado.

Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya ɗauke shi, yana da ƙuruciyarsa, bai kai ga auren da Mma take ta yi masa gori a kai ba. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Abin da nake son faɗa shi ne abin da na gani a wayata a kwanakin zaman makoki. Sai in ga alamar wani yana rubuto mini, alamar ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa. A daɗe ana haka, sannan saƙo ya shigo, layi ɗaya ko biyu, a karkace, da kurakurai. Wani mai lodin doya ya rubuto cewa Bashiru ya taɓa taya shi ɗaga buhu. Wata mai koko ta ce kullum sai ya roƙi ƙarin sukari. Babu saƙon da ya yi kama da ɗan'uwansa. A cikin wannan baƙin ciki na ji wani sanyi da ban san sunansa ba, don na san kowane ɗayansu ya zauna ya sha wahalar nemo haruffan nan saboda ni.

Yanzu duniya ta wuce inda ya bar ta. Akwai allunan da za ka ja yatsa a kansu kamar mai zane a rairayi su fitar da kalma, Fuseini ma ya saka wannan a Tabarma. Akwai waɗanda za ka yi wa magana su rubuta. Akwai ma waɗanda za ka ce musu wane ya rasu, su tsara maka ta'aziyya mai sakin layi uku wadda ko limami sai ya gyara zama. In aka yi rasuwa a unguwa, saƙo iri ɗaya nake samu daga mutane daban-daban, da hoton fure iri ɗaya. Nakan zauna a shago da la'asar, lokacin da ciniki ya lafa, in ga kamar ga shi nan ya jingina babur yana leƙa wayata. Na san da sabbin abubuwan nan sun burge shi, don shi mutum ne da ko sabon makunnin fitila ya gani sai ya kwance shi ya ga cikinsa. Da ya yi ta santi a kan mai jin magana ɗin nan. Furen ne dai na tabbata da ya sha tsiya a bakinsa.

Da Fuseini ya zo da buƙatarsa, na shirya ce masa a'a tun kafin ya zauna. Shi ya riƙe manhajar duk shekarun nan, bai taɓa canza abin da Bashiru ya ƙulla ba sai ya tambaye ni, ko da yake babu takardar da ta tilasta masa. Ya ce, "Yaya Rahi, ba zancen kasuwa ba ne. Je ki gaida Mma Azara a Gurugu, in kin dawo duk abin da kin ce shi ke nan."

Mma Azara ƙawar mahaifiyarmu ce, tsufa ya sa hannunta rawa. Na same ta a bakin ƙofa, na durƙusa na gaishe ta, na yi mata gaisuwar ƙanwarta da ta rasu a Kumasi. Ƙafa ba ta bar ta ta je ba. Ta ce ta gwada aika wa 'ya'yan marigayiyar saƙon murya, amma da ta buɗe baki sai kuka ya riga magana fita, ita kuma ba ta son ta ƙara musu nauyi. Sai ta koma rubutu. "Rahi, hannu ya ƙi. Ina kwana waya yana ba ni, barka da sallah yana ba ni. Wannan ɗaya da nake so, waya ya yi shiru. Yaran suna can suna cewa na manta da uwarsu." Ta nuna mini allon. Kalma biyu ta iya haɗawa, sun kwana biyu a wurin ba a aika ba.

A hanyar dawowa na yi ta faɗa da Bashiru a zuciyata, kamar yadda muka saba. Na ce masa ka yi tunanin mai gaggawa da malalaci, ba ka yi tunanin wadda ta taka da yatsan har ya gaza ba. Na san shi. Mutumin da ya faɗaɗa haruffa saboda maiƙon hannuna ba zai ga hannun Mma Azara ya juya baya ba. Da ya yi gardama, ya yi fushi, ya ƙi cin tuwo, sannan ya shiga ɗaki ya gyara. Na kira Fuseini na ce ya cike gurbin. Ya ce zai fara sakawa a wayata in gani kafin kowa.

A nan ne na gane ba don Bashiru kaɗai nake son a bar gurbin nan yadda yake ba. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Lokacin da yake raye, saƙon da na fi aika masa guda ɗaya ne, don kullum yana makara, kuma Tabarma ta haddace shi. Na canza waya, Fuseini ya kwaso mini kalmomina zuwa sabuwar, saƙon ya biyo ni. Duk shekarun nan, in na rubuta sunansa, layin saman nan sai ya miƙo mini "kana ina". Tunda an hana ta koyon mutuwa, ita ba ta san ya tafi ba. A wurinta ya makara ne kawai, yana tashar Gurugu ko wani gidan suna. Nakan rubuta sunan don in ga wannan, in goge, in ci gaba da auna mai.

Mutane suna tambayata me ya rage na Bashiru, suna jiran in ce manhajar. Manhaja kuwa ana sake mata fasali kowace shekara, wata rana ma wata za ta zo ta ture ta. Abin da na ga ya rage shi ne halin nan nasa na tsayawa ya kalli hannun mutum kafin ya yanke abin da zai ba shi. Na gan shi a wurin Fuseini, da ya ƙi yin gardama da ni ya tura ni Gurugu. Ina fata ku ma da za ku samu sabuwar Tabarma, in ta miƙo muku addu'a kuma hannunku lafiya lau yake, ku ƙara wani abu naku a kai, ko da zancen sukarin koko ne.

Ranar Juma'ar da ta wuce Fuseini ya kawo mini wayar a shago bayan an sauko daga masallaci. Ya ajiye ta a kan tebur ya koma bakin ƙofa yana kallon titi. Na goge hannuna a zane, na rubuta Bashiru. Layin ya kawo "Allah ya jiƙansa da rahama". Taɓawa ɗaya ta isa. Na daɗe ina kallonsa, har wata mai sayen mai ta gaji da sallama ta wuce shago na gaba. Ban taɓa layin ba. Na sauko kan haruffa na nemo su da kaina, yatsana yana zamewa ina gogewa ina sakewa, har na kai ƙarshe. Shi ne karo na farko da na rubuta wa ƙanena wannan addu'a, kuma ban goge ba.