Wanda Ke Cikin Lamba Bakwai

Shekara uku ke nan da rasuwar yayana Haruna, wanda 'yan kwalejinmu ta nan Makarfi suka fi sani da Ciyaman. Ba shugaban komai ba ne fa. Zaman benci ya ba shi sarautar, don a ƙungiyar ƙwallon kwando shi ne wanda koci ke mantawa da shi har a tashi wasa. Shi ma dariya yake, ya ce ai benci ma yana son mai ɗumama shi.

Ga wanda bai san kwalejinmu ba, jesi ba ta isar 'yan wasa. In za a yi canji, wanda ya fito ne zai tuɓe tasa, da guminta da komai, mai shiga ya zura. Haka aka yi ranar wasan ƙarshe da 'yan Ikara. Kyaftin Nura ya gurɗe ƙafa tun kafin hutun rabin lokaci, koci ya waiga bai ga kowa ba sai Ciyaman. Ya sa lamba bakwai ɗin Nura, ta sauko masa har gwiwa. Wallahi abin da ya yi ranar sai wanda ya gani. Duk inda ya tsaya ya cilla, sai cikin raga. Shi ya ɗauko mana kofin. Damina ba ta fita ba ya yi hatsarin babur a hanyar Gazara. Allah ya jiƙansa.

Makon jiya muka sake cin kofin, karon farko tun wancan. Ni da nake ɗalibi a nan yanzu, ba a magana: sitatus ɗina na WhatsApp ya cika, guruf ɗinmu ya ɗau wuta, har cajina ya ƙare ina ta turawa. A wurin walima aka yaye wani ƙaton kyalle mai hoton gwarazan baya. Hoton jifan ƙarshen nan ne, an ɗauka ta baya, lamba bakwai a sama tana tashi. A ƙasa sunan Nura.

Na ce a raina kuskure ne, yanzu Nura zai gyara. Nura ne fa, wanda ya ɗau makarar Yaya, ya yi zaman makoki a ƙofar gidanmu. Aka miƙa masa makirufo. Ya kalli hoton, ya ce ranar ƙafa na ciwo amma ya daure. Aka tafa.

Na tare shi a waje. "Yaya Nura, haba! Har da kai?"

Ya dafa kafaɗata. "Ƙanena, share kawai. Lambata ce fa. Kuma aikin koci nake nema, kar ka ɓata min shiri."

Ina ta tunanin me Yaya Haruna zai ce. Na san shi, cewa zai yi a bar masa, ai rigarsa ce. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan: Nura ma ya san haka zai ce. To ni ba zan bari ba. Rana ɗaya tak yayana ya samu a filin nan, ba zan zuba ido a ƙwace ta don ba ya nan ba. Koci na raye, 'yan Ikara ma sun san wanda ya sa su kuka. A gyara sunan.

Da na je gida na nuna wa Inna hoton a waya, ban ce mata komai ba. Ba ta karatun boko, ba ta taɓa kallon wasa ba. Ta matso da wayar kusa da idonta, ta daɗe, sannan ta ce, "Wannan ai ƙeyar Haruna ce. Wa ya ba shi wannan zundumemiyar riga?"