Jeren da Na Yi wa Ƙawata a Bakin Teku

Shekara ɗaya muka zo London da ita, aikin kula da tsofaffi ɗaya muka yi, har rigar sanyi mun yi karɓa-karɓa. Sai ga shi ita ta sayi sabon flat, gida a cikin dogon bene, a bakin teku, tafiyar awa guda a jirgin ƙasa, ni kuwa ina nan unguwar Edmonton a gidan council, irin na hayar gwamnati, tagata na kallon wurin ajiye bola.

Ta kira ni. "Ƙawata, ke za ki yi mini jere. Ban yarda da idon kowa ba sai naki."

Gaskiya ta faɗa. Daga Catford zuwa Whitechapel, a cikin mutanenmu na London, duk amaryar da ɗakinta ya yi kyau, akwai hannuna a ciki.

Da na shiga falon sai na nemi wurin zama. Bango guda gilashi ne tun daga sama har ƙasa, ruwa shimfiɗe iya ganinka, ga ƙamshin sabon fenti. Na ce "Masha Allah" da baki, amma raina ya yi baƙi ƙirin. Hassada ce, ba ni da wani sunan da zan ba ta. Ita kuwa tana ta zuba, wai saboda ruwan nan ta yi shekaru tana ƙarin aiki ran Asabar da Lahadi, don ta riƙa shan shayi tana kallonsa.

"To, ya kika gani?"

"Wannan ai tsirara ce," na ce. "Gidan mutunci ba ya zama haka, kowa ya wuce ya ƙirga miki loma."

A hawa na shida muke. In ba tsuntsu ba, wa zai leƙo?

Na sa aka ɗinko labule mai kauri, ninki biyu. Na sa aka kawo doguwar kabet ta tangaran, aka girke ta a gaban gilashin, kafinta ya ɗaure ta da ƙusa a ƙasa. Na jera kwanuka da kuloli, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kamar na gida. Ya yi kyau, wallahi, ban iya mummunan jere ba ko da gangan.

Bayan wata uku na kai mata ziyara. Na tarar da ita a kicin, zaune a kan kujera mai dogayen ƙafafu da kofinta, ta karkace wuya tana leƙen ruwan ta 'yar tagar da ke saman wurin wanke-wanke.

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Mu yi booking ɗin kafinta ya cire kabet ɗin nan. Kuskure na yi."

Ta ajiye kofin. "Haba ƙawata! A rushe jeren da kika yi mini da hannunki? Me mutane za su ce na ɗauke ki? Duk wanda ya shigo sai na gaya masa, wannan aikin mai ƙaunata ne."

Ta tsiyaya mini shayi, ta matsa ta ba ni rabin tagar.