Gyaran da na yi a kan kwafi

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata, mu uku ne a ofishin makarantarmu ta Samaru: ni magatakarda, da malamar kwamfuta, da wata mai sayar da kayan miya a Sabon Gari. Mai kayan miyan ta zo ne a gyara wa 'yarta darasi. An sa wa yarinyar Adabi a jerin jarrabawar fita, alhali Kemistiri take yi. Makarantar jinya take so, kuma ba a shiga sai da shi.

Malamar ce ta rubuta manhajar rajistarmu, ita ta koya mini ɗan abin da na sani. Kowace ɗaliba tana da kundi guda, wanda suke kira struct, a cikinsa akwai gurbin suna, gurbin aji, gurbin darasi. Dokar da ta fi nanata mini ita ce: abin da ke hagun alamar daidai (=) a layin umarni dole ya zama wurin ajiya na ainihi a cikin na'ura.

Aka kaɗa ƙararrawa, malamar ta miƙe.

"Baba, jira ni in fito aji. Kada ka taɓa."

"Tun ba a yaye ki ba nake riƙe da rajista," na ce.

"Ta takarda ba ta gardama. Wannan tana yi." Ta fita tana dariya.

Ga abin da na yi, bi da bi. Na farko, na rubuta umarnin kiran kundin yarinyar, na ce a sa Kemistiri a gurbin darasi. Na'ura ta ƙi, ta ce hagun ba wurin ajiya ba ne, don kiran kwafi kawai yake kawowa. Na biyu, maimakon in dakata, na ba kwafin sabon suna na gyara shi. Na'ura ta karɓa. Na uku, na buga takarda daga kwafin na miƙa wa matar.

"Malam, ya gyaru? Ni fa ba karatu na iya ba."

"Ga shi a rubuce, Mama. Koma kasuwarki."

Ta bar mini tumatir a leda.

Na huɗu, da malamar ta dawo na ce an gama. Asalin kundin yana nan da Adabinsa, shi aka tura wa hukumar jarrabawa ranar Juma'a. Ba a gano ba sai da katin jarrabawa ya fito, an riga an rufe gyara. Yarinyar ta yi asarar shekara guda.

Shugaban makaranta ya gaya wa uwar cewa manhaja ce ta lalace. Malamar ta buɗe manhajar, ta ga layin da na rubuta, ta dube ni. Ni kuwa na bar laifin a kan manhajarta. Ƙarshen zango ta ajiye aiki.

Mai karatu, in ka san wannan uwa a kasuwar Sabon Gari, don Allah ka karanta mata wannan. Ka ce mata na'urar ta hana, malamar ta hana, ni ne na ƙi ji.