Ba A Dukan Na Ƙasa

Wata rana wani tsohon ɗan dambe, Baba Tunau, ya hau mota daga Gusau zuwa Abuja bai gaya wa kowa ba.

Ɗansa Sahabi ne zai yi karawarsa ta farko a cikin keji. Wannan faɗan da samari ke kira MMA, inda ake naushi da shuri da kokawa duk a haɗe.

Tun ranar da yaron ya kwance zaren dambe ya sa safar hannu, uban ya ɗauke masa wuta. Gaisuwa kawai yake amsawa, ita ma da ƙyar.

Ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne. Gidan damben da ya yi suna a ciki yanzu rabin bencinan babu kowa. Kalangu na tashi, samari sun duƙufa a kan waya suna kallon keji. Gani yake ɗansa ma ya tafi ke nan, babu sauran komai nasa a jikin yaron.

Da ya isa wurin wasan, ya samu kujera can baya ya zauna.

Ba a jima da farawa ba Sahabi ya saki naushin damben da ya gada wajen ubansa. Abokin karawar ya zube.

'Yan kallo suka miƙe suna ihu a hau shi, a gama da shi.

Sai Sahabi ya ja da baya, ya sauke hannu.

Ga wanda bai sani ba, a dambe da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, an yi kisa, wasa ya ƙare. Ba a dukan na ƙasa. A keji kuwa, a ƙasan ake cin kasuwar.

Sahabi ya san dokar keji sarai. Jikinsa ne ya ƙi.

Mutumin ya farfaɗo, ya kwashe masa ƙafafu, ya shaƙe shi har alƙalin wasa ya raba. Shi ke nan, Sahabi ya sha kaye.

A bayan fage tsohon ya same shi, kai a sunkuye. Da ya ga uban sai hawaye.

"Baba, ka yi doguwar tafiya ka zo ka ga na ba ka kunya."

"Kai, tashi. Da ka doke shi yana kwance, da na koma gida ban san ɗan wa na zo kallo ba."

Ya ajiye hularsa a gefe, ya naɗe hannun riga.

"To kwanta ka nuna mini yadda ya shaƙe ka. Mu ga ta inda ake kuɓucewa."

Wallahi da aka ba ni labarin nan sai da idona ya cika.

Darasi: In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma ƙafar ta gida ce. Iyaye, ɗanku ya bar sana'arku ba yana nufin ya bar tarbiyyarku ba. Ku je ku gani da idonku kafin ku yi fushi.

Ka tura wa wani uban da ya daɗe bai kira ɗansa ba.