Fentin da ya yamutse

Duk unguwar nan Baban Walda ake kiransa, ko da yake ya daɗe da ajiye sana'ar. Hasken walda ne ya ci masa ido. Likita bai ɓoye masa ba: ganin nasa raguwa zai yi ta yi, kuma ranar da zai haƙura da tuƙi tana tafe. Shi kuwa yana da motar da ya haɗa da hannunsa a tsakar gida, injin daga nan, ƙofofi daga can, bodi kuwa shi ya lanƙwasa ƙarfen ya yi waldarsa. Burinsa ɗaya ne, ya fita da ita titi da kansa tun idon na iya rabe hanya da kwata.

Komai ya kammala, saura fenti, nan kuma mutumin ya rasa sukuni. Yau ya ce shuɗi, gobe ya ce shuɗi ai na motar haya ne. Ja ya yi masa yarinta, fari kuma kamar ta asibiti. Ya sayo ƙananan gwangwanayen fentin mai, irin na shafa wa ƙofar gida, ya riƙa zizara kowane launi da buroshi a jikin motar. Sai ya ja da baya ya ƙanƙance ido, ya dawo ya zizara wani. Ko abinci a tsaye yake ci, cokali a hannu ɗaya, buroshi a ɗayan.

"Malam," in ji matarsa, tana shanya, "wannan mota ce ko zanen atamfa?"

"Ke dai faɗa mini, wannan na gefen ƙofa kore ne ko shuɗi?"

"Kore ne. Jiya ma ka tambaye ni."

Da ya tsaya a kan kore, sai rigimar yadda za a fesa ta taso. Buroshi na barin sawu, gwangwanin feshi kuma na masu keke ne a wurinsa. Abokinsa mai fentin motoci ya ce a kawo ta garejinsa, amma layi ne, sai ya jira. Kalmar jira ce Baban Walda ba ya son ji. Ya ce a ara masa kwampreso, injin iskan nan, da bindigar feshi kawai.

"Zan ara maka," in ji mai fenti, "amma ka kankare wannan kwalliyar taka har sai ƙarfe ya fito. Fentin mota da tina ake dama shi, ruwan nan mai narkar da fenti, ba sa shiri da fentin mai."

Baban Walda ya ce to. Amma kankarewa aikin kwanaki ne, shi kuma gani yake kowace safiya da ɗan abin da take rage masa a ido. Ya bi jikin da samfefa sama-sama, ya rufe gilasai da tsoffin jaridu, ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya ɗaure hanci da tsumma. Hannunsa bai manta aiki ba, ya tafi da bindigar a miƙe, ya dawo a miƙe, har motar ta rufu ruf.

Washegari da hantsi ya fito, ya tsaya daga bakin ɗaki. Ga ta nan kore shar, sumul, tana ɗaukar ido. Daɗi ya kama shi.

"Maman yara, zo ki gani. Ta yi ko ba ta yi ba?"

Ta fito, ta duba. Matar da ba ta rasa abin tsokana ta tsaya tana murza bakin mayafi. Hakan ya dame shi, sai ya ƙarasa ya ɗora tafin hannu a kan bonet. Fentin ya yamutse kamar fatar tsohuwar jaka. Tina ta tayar da na ƙasa, duk inda ya taɓa zizara launi ya kumbura ya tattare, tun daga gaba har baya. Ya janye hannun, ya sake duba wurin da kyau. Har yanzu sumul yake ganinsa.

Ya daɗe yana shafa ƙarfen. Fentin bai dame shi ba, wannan ana kankarewa a sake. Tsoro ne ya kama shi, don mota guda ce a gabansa, cikin hasken rana, kuma sai da hannu ya gane halin da take ciki.

"Daga can kina ganin wannan duka?" ya tambaya a hankali.

"Ina gani, Malam."

Ya laluba aljihu ya ciro makullin. Autarsu ce ke tuƙa motar ɗaukar yara a wata makaranta, kuma shi ya koya mata.

"Kira mini Auta ta zo ta fitar da ita," ya ce. "Ni zan zauna a gefe."