Ampul ɗin Kawu Hamidu

Ku da kuka san Kawu Hamidu, yayan innarmu, kun san kowace Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ya hau turmi ya goge ampul ɗinsa da gefen rawani. Ƙwan lantarki ne guda, rataye a zaure da igiyar komar kamun kifi, a gidan da ko waya ba a taɓa ja ba. Ni da na yi aure a maƙwabtansa, na sha riƙe masa turmin kar ya faɗo.

Abin ya samo asali ne daga rediyo. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ya ji an ce Nijar da Faransa sun ƙulla yarjejeniya: za a haƙo uraniyom can arewa, a yi wutar lantarki da shi. Kawu masunci ne, sai ya fassara abin da lissafin bakin kogi. Ai in jirgi naka ne, koma ta wani, in an fito ana raba kifi biyu, kuma mai jirgi ke fara ɗauka. Ƙasa tamu, inji nasu, saboda haka rabonmu na kuran, wato wutar lantarki, yana nan tafe. Washegari ya tsallaka kogi daga garinmu Gaya zuwa Malanville ya sayo ampul, ya sako shi cikin hula, ya taho kansa a buɗe cikin rana.

Matarsa Inna Gambi ta yi ta fama ya canza fitilarsu mai yoyon kananzir. Ina! Cewa yake wanda ake shirin kawo wa rana cikin ɗaki ba ya ɓata kuɗi a kan aci-bal-bal.

Ya taɓa ɗaukar bandar kifi ya tafi ofishin kumandan mai mulkin gari, wai a rubuta sunansa a sahun farko. Akawu ya tambaye shi ta ina wutar za ta shigo gidansa.

Ya ce, "Ɗana, ni na sa hannu a takardar? Waɗanda suka sa ai sun san hanya."

Abokansa na fada, wato majalisar hirarsu, suka laƙaba masa Mai Kuran. Duk wanda ya wuce sai ya leƙa zaure ya tambaya ko an kawo. Dariya yake, amma wallahi abin na ci masa rai, don mutum ne da bai taɓa faɗin magana ta faɗi ƙasa ba.

Ranar da manyan motoci suka fara bi ta Gaya da durom-durom na uraniyom za su tashar jirgin ruwa, Kawu ya sa babbar riga ya tare direban farko a bakin gada. Ya ce a sauke durom ɗaya, rabon Gaya. Direba ya rantse masa gari ne kawai ruwan ɗorawa, sai an kai Faransa an dafa shi kafin ya zama wuta.

Kawu ya shafa gemu, ya ce, "To madalla. In ya dahu, ka ce musu kwanonmu na rataye."

Ya rasu bai ga komai ba. A ciwon ajalinsa bai yi mini wasiyyar gona ko jirgi ba, cewa ya yi, "'Yar nan, kada ki bari a sauke shi. Za su ce na yi ƙarya."

Na ci gaba da gogewa duk Juma'a, ana yi mini dariyar da ake yi masa. Da aka zo aka ja waya unguwarmu, wutar ma daga Najeriya ta fito, ba daga Faransa ba. Mai haɗa waya ya ce tsohon ƙwan nan ya daɗe da mutuwa. Na ce ya dai gwada. Ya murɗa shi, sai ga shi ya kama, ja-ja-ja kamar garwashi. Sauran tsofaffin fada uku suka shigo suka tsaya a ƙarƙashinsa, babu wanda ya yi dariya. Ni kam kuka na yi.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Hasken da ka jira bai same ka ba, Allah ya kai maka wanda ya fi shi cikin kabarinka. Amin.