Muryar Kawu Tsoho a Kan Kaset

Lauya Bature ya danna rikoda, sai wata murya da Surajo ya sani tun yana goye ta cika ofishin.

"Salamu alaikum. Ni ne Tsoho mai gyaran rediyo, kasuwar Bukkuyum, kusa da masu gishiri. Ni na ɗauki wanga kaset da hannuna, don ɗana Surajo na Iyatu, mai karatun lauya. Allah shi ba shi sa'a."

Sannan kiɗa ya tashi.

Surajo ɗalibin shari'a ne a Zariya, ya zo Gusau dogon hutun 1989 don koyon aiki a ofishin Lauya Bature. Lauyan na wakiltar wani kamfanin faifai da ke kukan ana kwafar waƙoƙinsa, ga kuma sabuwar dokar soja da ta tanadi ɗauri kan haka. Aka tura Surajo kasuwannin Anka da Gummi ya tattaro kaset ɗin jabu. Ya biya gida Bukkuyum ya kwana, kawunsa ya yi masa tsaraba da sabuwar waƙa, Surajo ya jefa ta cikin jaka tare da sauran kaset ɗin.

Tsoho ƙanin mahaifiyarsa ne. A rugar Nasarawa Burkullu ya tashi, bai san komai ba sai sanda da shanu, har annoba ta share garken gidansu. Ya gangaro Gummi ya zauna gaban wani mai gyara, ya koyi narka dalma da yatsun da suka saba tatsa. Da ya samu rikoda biyu da batirin mota, ya kafa rumfarsa a Bukkuyum, yana gyara yana kwafar kaset. Makiyaya su ne masu cinikinsa. Bai taɓa ba da kaset ba sai ya fara da sallama, ya faɗi sunansa, ya yi wa mai shi addu'a.

"Saniya ma da shaidar mai ita a kunne," yakan ce. "Ɓarawo ɗai ka ɓoye suna."

Lauya Bature ya mayar da kaset baya, ya sake saurare, yana murmushi.

"Malam Surajo, sauran duk ba su da uba. Wannan kuwa ya kawo kansa, har da adireshi."

"Ranka ya daɗe, kawuna ne. Kyauta ce ya ba ni."

"Wakilin kamfani ya riga ya ji," in ji lauyan, ya nuna mutumin da ke zaune a kusurwa. Murmushin ya ɗauke daga fuskar lauyan.

Ranar kasuwa 'yan sanda suka zo rumfar. Tsoho ya shimfiɗa musu tabarma, ya ɗauka gyara suka kawo. Suka kwashe rikodojin da batirin, suka sa shi bayan mota. Da aka ba da belinsa, ya dawo a rame, ya sami Surajo a zaure.

"Lauya," Tsoho ya ce masa, "ashe addu'a ma laihi ce ga takardunku?"

Surajo ya kasa ɗago kai.

"Bari sunkuyawa. In sun tambaye ka, ka ce muryata ce. Ba ni musun ta."

Haka Surajo ya faɗa a kotun Sakkwato, da rantsuwa. Shekara ta juyo, Surajo ya kammala karatu, amma ko rediyon maƙwabta aka danna sai ya tashi ya bar wurin. Mahaifiyarsa, Inna Iyatu, ba ta taɓa zarginsa ba. Tana ajiye masa tuwo, ta koma ɗaki ba magana, shi kuwa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Yau ne hukunci. Tsoho ya tafi tun jiya, da bargo da buta, ya bar wa Surajo makullin rumfa. Surajo bai iya binsa ba. Yana zaune a bakin tasha, yana leƙa kowace mota da ta tsaya. La'asar ta wuce. Motar Sakkwato ba ta iso ba, kuma ba wanda ya zo da labari.